Shinkafa a Idin Ƙetarewa: yadda fatawa ke zubar da sharuɗɗanta a hanya

A watan Disamba na 2015, kwamitin shari'a na malaman Yahudawa masu bin tafarkin da ake kira Conservative a Amurka, Masorti a Isra'ila, ya amince da takardun fatawa biyu a kan magana ɗaya. Rabbi David Golinkin ya rubuta ɗaya, Rabbi Amy Levin da Rabbi Avram Reisner suka haɗu suka rubuta ɗayar. Duka biyun sun ce Yahudawan Ashkenazi, wato waɗanda asalinsu Jamus da arewacin Faransa da gabashin Turai ne, za su iya cin shinkafa da wake da masara a kwanakin Idin Ƙetarewa, wanda suke kira Pesak, bayan kakanninsu sun ƙaurace wa irin waɗannan abinci shekara wajen ɗari takwas. Kafin idin 2016 ya kama a watan Afrilu, labari ya karaɗe jaridu da bakunan mutane cewa malamai sun halatta shinkafa. Sunan malaman, da mutanen da aka yi wa fatawar, da sharuɗɗan da aka gindaya, kusan duk sun zube a hanya.

Wannan lamari ya ishi duk wani taron Yahudawa masu al'adu daban-daban misali, majami'a ce ko zauren karatu, idan suna son kafa ƙa'idar yadda za a riƙa isar da halaka, wato hukuncin shari'arsu, daga baki zuwa baki. Sai dai ba za a gane inda ɓarnar take ba sai an raba abubuwa biyu da labarin ya cakuɗa.

Na farko shi ne hamets, wato hatsin da ya jiƙa ya yi kumburin yisti. Attaura ce da kanta ta haramta shi, a littafin Fitowa sura ta 12 da ta 13: ba a ci, ba a ajiye a gida, ba a amfana da shi, kwana bakwai a Isra'ila, malamai suka mayar da shi takwas a wajenta. Hatsi biyar ne kawai ke zama hamets, alkama da sha'ir da dangoginsu uku da Mishna, tsohon kundin dokokin malamansu, ta kira kusmin da shifon da shibolet shu'al. Idan garinsu ya sha ruwa aka bar shi minti 18 ba a murza ba, ba a gasa ba, ya zama hamets. Tsananin hukuncinsa ya wuce na sauran abincin da aka haramta. Kafin idi ya shiga, idan ɗan hamets ya narke cikin abin da ya ninka shi sau sittin, ana ɗaukar ya ɓace. Da zarar idi ya shiga, komai ƙanƙantarsa yana haramta abin da ya faɗa ciki.

Na biyu shi ne kitniyot: shinkafa, gero, masara, wake, waken suya, riɗi da makamantansu, kusan duk abin da ke cikin rumbun Bahaushe. Waɗannan ba sa zama hamets. Talmud, babban kundin muhawarar malamansu a kan Mishna, a sashensa na Pesahim shafi na 35, ya ce shinkafa da gero ruɓewa suke yi, ba kumburin yisti ba, kuma ra'ayin Rabbi Yohanan ben Nuri da ya ɗauki shinkafa a matsayin hatsi bai samu karɓuwa ba. A shafi na 114 ma an ruwaito Rava, ɗaya daga manyan malaman Talmud, yana neman shinkafa don cin abincin daren idi. Barin cin kitniyot minhag ne, wato al'ada, kuma ambatonta na farko-farko yana cikin rubuce-rubucen malaman Faransa na ƙarni na 13, musamman sharhin Rabbenu Perez na garin Corbeil. Dalilan da aka bayar su ne ana tara su tsibi kamar hatsi, ana dafa su kamar fate, a wasu wurare ana yin burodi da garinsu, don haka jahili zai iya ruɗewa; sannan ƙwayoyin alkama kan shiga cikinsu tun daga gona ko a buhu.

Littafin da ya zama madogara a hukunce-hukunce, Shulhan Aruk na Rabbi Yosef Karo, wanda aka fara bugawa a Venice a 1565, ya ce a sashe na 453 na Orah Hayim halal ne a dafa su. A wannan sashen ne kuma Rabbi Moshe Isserles na Krakow, wanda aka fi sani da Rema, ya ƙara bayaninsa cewa al'adar Ashkenaz ita ce a bar su, kuma kada a canza. Amma bai tsaya nan ba. Ya ce ana iya ajiye su a gida, ana iya kunna fitila da mansu, kuma idan sun faɗa cikin tukunya bisa kuskure abincin bai haramta ba. Ke nan shafi guda yana ɗauke da hukunci biyu na jama'a biyu, kowanne daidai ne ga mutanensa. Yahudawan Sefardi, wato 'yan asalin Sifen da Portugal, da na ƙasashen Larabawa suka bi Karo, ko da yake su ma ba bakinsu ɗaya ba: gidaje da yawa na 'yan asalin Maroko ba sa cin shinkafa a idin, 'yan asalin Siriya kuwa suna ci bayan sun tsince ta sau uku, ƙwaya-ƙwaya.

To, a ɗauka labarin 2015 ya shigo majami'ar da ke da duk waɗannan mutane, ba suna ba sharaɗi. Ɗan Ashkenazi mai bin tafarkin Otodoks, wato masu riƙo sosai da shari'ar gargajiya, zai ɗauka malamansa ne suka yi magana, alhali wancan kwamiti ba shi da iko a kansa, kuma malaman Otodoks ba su janye al'adar ba. Ɗan Masorti zai ɗauka an gama magana, alhali a tsarin kwamitin, mai membobi 25 masu jefa ƙuri'a, ƙuri'a shida sun isa ra'ayi ya zama karɓaɓɓe, kuma malamin kowace majami'a, mara de'atra, shi ke zaɓar abin da za a bi a wurinsa. Mafi haɗari shi ne na uku, wanda zai shiga kanti ana tsakiyar idi ya auno shinkafa daga buɗaɗɗen mazubi, ko ya ɗauko waken gwangwani, ya zuba a tukunya. Wannan bai karya al'ada kaɗai ba, yana iya cin hamets na gaske, domin ƙwayar alkama ɗaya da ta jiƙa ta tsage cikin tukunyar shinkafa a kwanakin idi tana iya haramta tukunyar gaba ɗaya. Mutanen da suka gaji cin shinkafa sun gaji tsince ta tare da cin. Shi kuwa ya karɓi ci, bai karɓi tsinta ba.

Takardar Levin da Reisner ba ta bar wannan a buɗe ba. Ɗanyen wake da ɗanyar masara ana sayensu kamar kowane kayan lambu. Busassun kitniyot a saye su a rufaffen leda ko kwali, a tankaɗe, a tsince kafin idi, a guji awo daga mazubin da wataƙila an taɓa zuba alkama a ciki. Na gwangwani da duk wanda aka sarrafa a masana'anta, kamar awarar waken suya, sai mai hatimin tabbacin Pesak. Waɗannan sharuɗɗa su ne rabin fatawar, kuma su ne rabin da ba a ɗauko ba.

Saboda haka ƙa'idar farko da irin wannan taro ke buƙata ita ce kada a faɗi hukunci ba tare da sunan mai shi ba. Tsohuwar ƙa'ida ce. Talmud, a Megilla shafi na 15, ya ce wanda ya faɗi magana da sunan mai ita yana kawo fansa ga duniya, ya kafa hujja da Esta, wadda ta gaya wa sarki labarin makirci da sunan Mordekai. A aikace abin da ake nema abu huɗu ne: sunan malami ko kwamiti, littafi da sashe ko ranar takarda, tafarkin da malamin yake bi, sannan mai magana ya bayyana ko da idonsa ya karanta ko kuwa ji ya yi. "An ce" da "malamai sun ce" ba su da wurin zama. Wanda ya taso a zauren karatu a ƙasar Hausa ya san wannan tambaya ta "wa ya faɗa, a wane littafi?", kuma ya san yadda take kashe rigima tun ba ta tashi ba.

Ƙa'ida ta biyu ta fi wuyar kiyayewa, domin tana taka wa masu ilimi birki, ba jahilai ba. A Talmud, Bava Batra shafi na 130, an ce ba a ɗaukar hukuncin aiki daga karatu, ba a kuma ɗaukarsa daga abin da aka ga an yi, sai an ce wa mutum wannan halaka lema'ase ce, wato hukunci ne na aikatawa. Ɓangaren karatu a fili yake. Ɗalibi na iya kawo cewa Rabbenu Yeruham, a ƙarni na 14, ya kira barin kitniyot al'adar wauta, ko kuma Rabbi Yaakov Emden, a ƙarni na 18, ya rubuta cewa mahaifinsa ya yi fatan a soke ta. Duk gaskiya ne, kuma ya dace a karanta. Amma malamai da yawa da suka san waɗannan maganganu sarai sun ci gaba da barin shinkafa, don a wurinsu al'adar da jama'a suka karɓa tsawon ƙarnoni tana da nauyin kanta. Ɓangaren gani kuwa ya fi yaudara. Baƙo zai iya shiga gidan malamin Ashkenazi a tsakiyar idi ya tarar ana dama kunun shinkafa, ya fita yana cewa ya gani da idonsa. Abin da bai gani ba shi ne na jariri ne, a tukunyar da aka keɓe, domin Mishna Berura, sharhin Rabbi Yisrael Meir Kagan, ya sassauta ga marar lafiyar da ke buƙata ko da ba a bakin mutuwa yake ba, kuma haka ake yi wa ƙananan yara. Mafita mai sauƙi ita ce kowace magana ta zo da alamarta tun daga farko: wannan don karatu ne, wannan kuwa hukuncin malam wane ne ga jama'arsa.

Daga nan sai maganar ga wa aka yi hukuncin. Mishna, a farkon babi na huɗu na Pesahim, ta ɗora wa matafiyi tsananin garin da ya baro da na garin da ya sauka, kuma Talmud ya ƙara cewa abin da yake halal amma wasu suka saba ɗaukarsa haram, ba ka da izinin halatta shi a gabansu. Don haka ɗan Sefardi da ya ce shinkafa halal ce bai yi ƙarya ba, amma jimlarsa ba ta cika ba sai ya ce a wurin wa. Aure ya ƙara dagula lissafin. Rabbi Moshe Feinstein a New York da Rabbi Ovadia Yosef a Kudus duk sun tafi a kan cewa mace tana bin al'adar gidan mijinta, ke nan 'yar Ashkenazi da ta auri ɗan Sefardi tana iya ci. Amma ko za ta fara warware tsohuwar al'adarta a gaban mutum uku, abin da ake kira hatarat nedarim, da yadda za ta yi idan ta je idi gidan iyayenta, wannan ba a yanke shi a tsakar taro. Tambayar mutum ɗaya ce, malaminta ne zai amsa bayan ya ji yadda gidan yake.

Wannan iyaka, tsakanin tattauna hukunci da yanke wa wani mutum hukunci, ita ce ta fi kare rayuka da lafiya. Mai ciwon da jikinsa ba ya karɓar alkama, wanda ba ya cin nama kuma wake ne ƙarfin abincinsa, jaririn da madararsa ta gwangwani ke da sinadarin masara ko waken suya, tsoho mai shan ƙwayar magani da aka haɗa da sitaci: kowannensu amsarsa ta dogara da abubuwan da ba zai so ya baje a gaban jama'a ba. Talmud a Sota shafi na 22 ya zargi mutum biyu a tare, ɗalibin da bai kai matsayin fatawa ba amma yake bayarwa, da malamin da ya kai amma ya ƙi. Ke nan bai isa a ce "je ka tambayi malaminka" a juya baya ba. Taron da ya kafa wannan doka dole ya tanadi malamin da za a iya samu, da lokacin da ake samunsa, musamman a makon ƙarshe kafin idi lokacin da tambayoyi ke yin yawa. Kuma a faɗa a fili tun farko cewa ba wanda zai dakatar da maganin da likita ya rubuta masa saboda abin da ya ji a taro, domin ceton rai, pikuah nefesh, yana gaban kusan kowace doka.

Akwai masu yawon neman sauƙi, kuma an san su tun da. A Avoda Zara shafi na 7 an hana wanda ya tambayi malami ya haramta masa ya koma wurin wani don ya halatta, sai dai idan ya gaya wa na biyun abin da na farko ya ce, kamar yadda malaman baya suka fayyace. A Eruvin shafi na 6 an kira wanda ke tsintar sauƙin makarantar Shammai da sauƙin makarantar Hillel, mazhabobi biyu na tsofaffin malamai masu saɓani da juna, mugu. Amma jimlar ba ta ƙare a nan ba, an kira wanda ke tara tsananin duka biyun wawa mai tafiya cikin duhu. Wannan rabi na biyu ne aka fi mantawa, kuma a ra'ayinmu ɓarnarsa a wannan lamari ba ta gaza ta farko ba. Kowace shekara sai an sami mai cewa tukunyar da aka dafa shinkafa a ciki ta haramta, ko ba a shiga gidan surukai 'yan Sefardi a ci abinci a idi, ko a fitar da buhun wake daga gida. Maganar buhun wake ta saɓa wa lafazin Rema kai tsaye, kuma malamai da yawa sun yarda ɗan Ashkenazi ya ci abincin da ba kitniyot a ciki a kwanukan mai masaukinsa ɗan Sefardi. Mai ƙara tsanani yana jin bai yi laifi ba tunda ba sassautawa ya yi ba, alhali ya raba 'yan'uwa a daren da aka yi domin iyali su zauna tare. Saboda haka buƙatar kawo suna da littafi tana hawa kan mai haramtawa daidai da yadda take hawa kan mai halattawa.

Sababbin abinci su ne ke gwada ko ƙa'idojin sun zauna. Masara ta shigo Turai bayan an kafa al'adar, duk da haka aka sa ta cikin kitniyot. Dankalin Turawa shi ma daga baya ya zo, ana yin gari da shi, amma ba a sa shi ba. A kan gyaɗa, Rabbi Feinstein ya rubuta cewa al'adar ba ta kama abin da ba a karɓa a cikinta ba, don haka wanda gidansu ba su saba barinta ba yana iya ci, duk da cewa yau yawancin gidajen Ashkenazi sun daina. Sai kinuwa, ƙwayar da ake nomawa a tsaunukan Peru da Bolibiya: hukumar tabbatar da abinci ta Orthodox Union ta amince da ita don Pesak daga ƙarshen 2013, da sharaɗin a sa ido a wurin sarrafa ta saboda gaurayuwa da sha'ir ko alkama, yayin da wasu malamai, musamman a Isra'ila, har yanzu suke lissafa ta cikin kitniyot. Ba wata dabarar tunani da za ta fitar da waɗannan amsoshi huɗu daga tushe guda. Wanda ya ce tunda dankali ya halatta to masara ma haka, ya yi ƙiyasi mai kyau ya kuma faɗi abin da ba haka ake yi ba. Shi ya sa a fagen minhag ake tambayar me aka karɓa, kafin a tambayi me hankali ya nuna.

Harshe ma yana buƙatar iyaka. Cewa ɗan Sefardi yana cin hamets ƙage ne, kiran ɗan Ashkenazi mai bin wauta kuwa cin fuska ne ko da an jingina shi ga malamin ƙarni na 14. A Eruvin shafi na 13 an ba da dalilin da ya sa aka bi makarantar Hillel: suna da sauƙin hali, suna karantar da maganar abokan saɓaninsu, har suna gabatar da ita kafin tasu. A Bava Mezia shafi na 58 an kamanta kunyata mutum a bainar jama'a da zubar da jini. Abin da ya fi ƙona taro, duk da haka, shi ne gardamar ko malaman Masorti suna da ikon fatawa ko babu. Wannan saɓani na gaske ne kuma mai zurfi, ba kuma za a warware shi a kan tukunyar shinkafa ba. Taron ya yanke tun ranar kafuwarsa: ko dai ya tsaya kan madogaran Otodoks kaɗai ya faɗi haka a fili, ko ya karɓi na kowa da sharaɗin a ambaci tafarkin kowane malami, a kuma rufe ƙofar sake buɗe wannan shari'a duk lokacin da suna ya fito.

Kuskure zai faru ko da an kiyaye duk wannan, don haka a shirya masa. Talmud ya ruwaito a wurare da dama cewa Rava, bayan ya yi wa'azi a bainar jama'a ya gane ya yi kuskure, yakan sa mai shela ya sanar cewa maganar da ya faɗa a gabansu kuskure ce, sannan ya faɗi daidai. Gyara yana zuwa ne a wurin da aka yi kuskuren, a gaban mutanen da suka ji shi, daga bakin wanda ya yi shi. A maganar Pesak lokaci yana da muhimmanci, domin gyaran da ya iso bayan an dafa an ci ya makara. Al'ada ta tanadi a fara karantar da hukunce-hukuncen idin kwana talatin kafin ya kama, wato daga idin Purim, kuma a wannan lokacin ne ya dace a tuna wa jama'a ƙa'idojin, ba a jajibirin idi ba lokacin da kowa ke tsaye a kan murhu.

Idin 2016 ɗin kansa ya kawo wata mas'ala da ta nuna cewa har wuri da kwanan wata suna cikin sharuɗɗan hukunci. Ranar farko ta faɗo Asabar, 23 ga Afrilu, rana ta bakwai ta faɗo Juma'a, 29 ga wata. A Isra'ila idi ya ƙare da faɗuwar ranar Juma'a, Asabar ɗin 30 ga wata ta zama Asabar kamar kowace, don haka ɗan Ashkenazi mai bin Otodoks a Kudus yana da damar cin shinkafa da wake a ranar, ko da yake malamai sun yi saɓani a kan ko ya halatta ya dafa su ranar Juma'a alhali shi kansa bai isa ci ba tukuna. Ɗan'uwansa da ke New York ko Landan, mai bin littafi ɗaya da al'ada ɗaya, yana cikin rana ta takwas ta idi, shinkafa ba tasa ba ce sai dare ya yi taurari sun fito.